Direba ko Hanya? In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

A wani gari da ke bakin babbar hanya motarmu ta tsaya don a yi sallar la'asar. Kwaltar sabuwa ce fil, an faɗaɗa ta an zana mata fararen layuka. Amma a daidai bakin kasuwa mutanen garin sun zuba jar ƙasa sun yi tudu a tsakiyar titi, sun jera duwatsu a gefe da gefe don kada mota ta zagaye. Direbanmu ya taka birki yana tsaki. "Ku dubi jahilci," in ji shi. "An kashe kuɗi an gyara musu hanya, sun zo sun ɓata."

Mai shayin da muka zauna a bencinsa ya ji maganar. Bai ko ɗago daga kan butarsa ba ya ce, "Direba, lokacin da hanyar nan take da ramuka, tayoyinku ne ke fashewa. Tun da aka gyara ta, 'ya'yanmu muke binnewa."

"To ai laifin masu gudu ne, Malam. Hanya ba ta da hannu balle ta kashe mutum."

"Masu gudun ai ku ne tun shekaranjiya," in ji mai shayi. "Ba a canza direbobi ba. Hanya aka canza."

Su biyun ba su sani ba, amma gardamar da suka yi a tsakanin kofin shayi da kiran salla ita ce masana ke yi fiye da shekara sittin. Kuma ba gardamar fatar baki ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Kashi 92 cikin ɗari na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke, Afirka kuma ita ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Gwamnatin da kuɗinta bai taka kara ya karya ba dole ta zaɓi inda za ta fara: gyaran halin mai tuƙi, ko gyaran abin da yake tuƙi a kai. Bari mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa.

Hujjar masu cewa direba ne

Wannan ɓangaren ba ya wahalar neman shaida. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya ga direban da ya yi obatekin a kan kwana, ko wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana kora gyangyaɗi da goro da ƙwaya, ko wanda hannu ɗaya ke kan sitiyari ɗaya na riƙe da waya. Hanyar da mota ta ƙwace masa a kai, dubban mutane sun bi ta a ranar sun isa gida lafiya. Idan kwalta ce mai laifi, in ji su, me ya sa ta bar dubu ta kama ɗaya?

Suna da alƙaluma kuma. Wani babban bincike da aka yi a Jami'ar Indiyana ta Amurka, wanda aka fitar a 1979, ya bi diddigin haɗurra ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa akwai hannun kuskuren ɗan'adam a fiye da kashi 90 cikin ɗari. A 2015 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta fitar da adadin da ya zagaye duniya: a kashi 94 cikin ɗari na haɗurran da aka bincika, abu na ƙarshe da ya faru kafin karo daga direba ya fito.

Babbar hujjarsu ita ce Faransa. Ranar 14 ga Yulin 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sanya kiyaye haɗurra cikin manyan ayyukan mulkinsa. A 2003 aka fara kafa na'urorin da ke ɗaukar hoton mai gudun wuce kima su aika masa da takardar tara har gida, babu roƙo, babu "ka san ko ni wane ne". Mace-macen da suka haura 7,000 a 2002 suka sauko ƙasa da 4,000 a 2010. Ba a rushe titunan Faransa an sake gina su a cikin shekara takwas ba. Tsoron tara ne ya ɗage ƙafar mutane daga kan totur.

Akwai wata hujjar daga kusa da gida, mai arha kamar iska. A Kenya, masana tattalin arziki biyu, James Habyarimana da William Jack, sun liƙa 'yan takardu a cikin motocin haya da ake kira matatu, masu ƙarfafa fasinja ya buɗe baki ya tsawata wa direba idan yana ganganci. Motoci sama da 2,000 ne suka shiga gwajin, aka liƙa wa wasu aka bar wasu. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna cewa neman diyyar inshora a motocin da aka liƙa wa takardun ya ragu da rabi ko fiye. Ko tsakuwa ɗaya ba a taɓa ba a kan titi. Abin da ya canza kawai shi ne dattijon da ke kujerar baya ya samu ƙarfin cewa, "Direba, a yi a hankali, da ranmu muke so mu isa."

Sannan suna da wata magana mai zurfi wadda ba a ture ta da wasa. A 1975 masanin tattalin arziki Sam Peltzman na Jami'ar Shikago ya ce duk kariyar da ka ƙara wa mutum, zai cinye wani ɓangare nata da ƙarin ganganci. An gwada wannan a kan direbobin tasi a birnin Munik na Jamus: waɗanda aka ba motoci masu sabon birkin da ba ya kulle taya ba su fi sauran tsira daga haɗari ba, domin sun riƙa matse motar gabansu suna taka birki a makare. Akasin haka ma ya faru. Ranar 3 ga Satumban 1967 Suwidin ta canza hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, irin canjin da Najeriya ta yi a Afrilun 1972, Gana kuma a 1974. Kowa ya zaci za a yi ta karo. Sai ga haɗurra sun ragu, saboda kowa ya shiga taitayinsa. Da tsoron ya gushe, cikin kamar shekara biyu, alƙaluma suka koma gidan jiya. Ma'ana, in ji wannan ɓangaren, abin da ke cikin zuciyar mai tuƙi shi ne linzami. Ka gyara hanya yadda ka ga dama, zai mayar da gyaran ya zama gudu.

Daga ƙarshe suna jan hankali kan tarbiyya. Idan aka koya wa mutane cewa kwalta ce ta yi kisa, an wanke mai ganganci ke nan, an kuma ba shi inda zai fake. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Hujjar masu cewa hanya ce

Ɗaya ɓangaren ba ya musun cewa direbobi na kuskure. Daga nan ma ya fara. Mutum ajizi ne: zai gaji, hankalinsa zai tafi, zai auna tazara ya auna ba daidai ba, ko da malami ne ko likita. Tun da ba za a taɓa samun ranar da kowa zai daina kuskure ba, tambayarsu ita ce me ya sa kuskuren daƙiƙa biyu zai zama hukuncin kisa.

Likita ne ya fara dasa wannan tunani da ƙarfi, William Haddon, wanda ya jagoranci hukumar kiyaye haɗurra ta farko ta gwamnatin tarayyar Amurka daga 1966. Ya ce a dubi haɗari yadda ake duban annoba: me ya faru kafin karo, me ya faru lokacin karo, me ya biyo baya, kuma a kowane mataki a dubi mutum da mota da hanya. A ganinsa abin da ke kisa shi ne ƙarfin bugu idan ya wuce abin da ƙashi da tsoka za su iya ɗauka.

Suwidin ce ta mayar da wannan tunani doka. A 1997 majalisar ƙasar ta amince da manufar da ake kira Vision Zero, wadda ke cewa ba a yarda da mutuwar ko mutum ɗaya a matsayin kuɗin zirga-zirga ba, kuma nauyin ƙarshe yana wuyan waɗanda suka tsara hanya. Claes Tingvall, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa ta, da abokan aikinsa sun fara lissafi daga jikin mutum. Inda mota za ta iya buge mai tafiya a ƙasa, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. A mahaɗar da mota za ta iya dukan wata a haƙarƙari, 50. Inda za a iya yin taho-mu-gama, 70. Wanda ke son gudun da ya fi haka, to sai ya raba masu zuwa da masu komawa da shinge.

Haka suka yi. Ƙasar na da wasu hanyoyi masu faɗin mita 13, shimfiɗaɗɗu masu daɗin gudu, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen taho-mu-gama. A 1998, a arewacin garin Gävle, aka fara gwada raba irin wannan hanya gida uku: layi biyu a hannu ɗaya, layi ɗaya a ɗaya hannun, suna musanyawa bayan ɗan nisa don kowa ya samu damar wuce na gabansa, da shingen igiyar ƙarfe a tsakiya. Mutane da yawa sun yi ta suka da farko. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mace-mace a irin waɗannan hanyoyi sun ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Direban da barci ya sace yana goga shinge ya farka da fashasshiyar fitila, maimakon ya faɗa gaban tirela. A 1997 mutum 541 ne suka mutu a titunan Suwidin. A 2019 sun koma 221, alhali motoci da jama'a sun ƙaru.

Shataletale ma hujja ce a hannunsu. A mahaɗar tituna huɗu ta yau da kullum akwai wurare 32 da hanyar wata mota ke iya cin karo da ta wata. A shataletale mai layi ɗaya 8 ne kawai, kuma babu wanda zai shige shi a guje sai ya karya sitiyari. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001, kan mahaɗu 24 da aka mayar shataletale, ya gano cewa haɗurran da ake jin rauni sun ragu da kashi 76 cikin ɗari, masu kisa da naƙasa kuwa da kusan kashi 90. Danja tana roƙon direba ya tsaya, yana iya ƙi. Shataletale ba ya roƙo.

A nan ne zuciyar hujjar take: hanya tana yi wa direba magana, kuma muryarta ta fi ta allon gefen titi ƙarfi. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, wanda ido ke hango ƙarshensa, cewa yake "taka", ko da allo ya ce 50. Ƙarin gudu kaɗan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Masanin Suwidin Göran Nilsson ya nuna cewa idan matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗurra masu kisa kan ƙaru da kusan kashi 4. Wani binciken na 2009 kan bayanan haɗurran Jamus ya gano cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 50 ya fi wanda ta buge tana gudun 30 kusantar mutuwa fiye da ninki biyar. Abin da mai shayi ya gani da idonsa ke nan: ramuka ne ke riƙe da gudu a garinsu, da aka cike su ba a sa komai a madadinsu ba.

Game da kashi 94 ɗin nan, sun ce an yi masa gurguwar fahimta. Rahoton da kansa ya yi gargaɗin cewa abu na ƙarshe da ya faru kafin karo ba shi ne sanadin haɗari ba. Idan kwana ta ɓoye abin da ke tahowa, babu alama, babu fitila, direba ya makara wajen birki, a takarda "kuskuren direba" za a rubuta. Shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta fito fili ta soki yadda ake yawo da adadin, ta ce yana kawar da ido daga sauran masu hannu a lamarin.

Idan aka ce wannan duk aikin masu kuɗi ne, sai su nuna Afirka. A mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi a Gana, an shimfiɗa 'yan tuddai masu girgiza mota don rage gudu a kan kuɗin da bai kai dala 21,000 ba. Tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin ɗari, mace-mace da kusan kashi 55. A Darussalam ta Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamare tana yin hanyar ƙafa da tudun rage gudu da wurin tsallakawa, har da sauya wa ƙofar makaranta wuri don kada ta buɗe a kan babban titi. Binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin ɗari.

Inda kowane ɓangare ya yi tuntuɓe

Raunin masu cewa direba ne shi ne maganinsu ba ya daɗewa a jiki. A 2004 ministan sufurin Kenya John Michuki ya tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu a kilomita 80 da bel ɗin kujera. Mace-mace suka ragu a shekarar, amma da aka sassauta sa ido, cikin 'yan shekaru suka koma inda suke. A Faransa ma, lokacin zanga-zangar masu rigar ɗorawa da ta ɓarke a ƙarshen 2018, an lalata fiye da rabin na'urorin kama masu gudu. A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana aiki tun 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma kowace shekara idan watannin ƙarshe suka kama ana bin tasha-tasha ana wa'azi. An yi ƙoƙari, amma wa'azin bana ba ya hana a maimaita shi baɗi. Jami'i yana gajiya, yana tashi daga aiki, wani lokaci a san yadda aka yi da shi. Shingen tsakiyar titi ba ya barci, ba ya kuma karɓar na goro.

Labarin canjin hannu na Suwidin ma, idan aka duba shi da kyau, takobi ne mai kaifi biyu. Ya nuna cewa taka-tsantsan na rage haɗari, ya kuma nuna cewa ɗan'adam ba ya iya zama cikin fargaba har abada. Maganar Peltzman kuwa gaskiya ce da aka yi wa ƙari: mutane na cinye wani ɓangare na kariya, amma ba duka ba, shi ya sa bel ɗin kujera da hular kwano suka ceci rayukan da ba sa ƙirguwa. Haka nan wannan ɓangaren ba ya son tambayar abin da ke koro direba. Wanda mai mota ke jiran balas ɗinsa da yamma, ko wanda kuɗinsa ya rataya ga yawan sawun da ya yi, ba jahilci ne kawai ke danna masa totur ba.

Su ma masu cewa hanya ce ba su fita da farar riga ba. Da farko dai injiniyoyi sun taɓa yin kuskure babba da sunan kiyaye rai. A shekarun 1960 Kenneth Stonex, injiniya a filin gwajin motoci na kamfanin General Motors, ya yaɗa ra'ayin a share gefen hanya, babu bishiya babu turke, don motar da ta kauce ta samu wurin tsayawa. A dajin da ba kowa shawara ce mai kyau. Da aka kwaso ta aka shigo da ita cikin gari, aka faɗaɗa tituna aka sare bishiyoyi, sai ta zama gayyatar gudu a tsakiyar mutane. Ashe "gyaran hanya" na iya zama guba idan an gyara ta don mota kaɗai.

Na biyu, aron suna ba aron aiki ba ne. Birnin Los Anjalas ya rungumi Vision Zero a 2015 da alkawarin kawo ƙarshen mace-mace a 2025. A 2023 waɗanda suka mutu a titunansa sun haura 300, fiye da lokacin da aka fara. Suwidin kanta ba da siminti kaɗai ta yi nasara ba. Tana da ɗaya daga cikin tsauraran dokokin hana tuƙi cikin maye a Turai, da na'urorin kama masu gudu, da motoci masu lafiya, da asibitin da ke karɓar wanda ya ji rauni cikin gaggawa. Duk da haka burinta na farko, na rage mace-mace da rabi kafin 2007, bai cika ba.

Na uku, abin da aka gina ba tare da kallon yadda mutane ke rayuwa ba, mutane za su zagaye shi. A Nuwamban 2018 mazauna Adenta da Madina a Akara suka tare babbar hanya suna ƙona tayoyi bayan mota ta kashe wata ɗalibar sakandare a titin da aka bar gadojin masu tafiya a ƙasa ba a kammala ba. Aka kammala gadojin. Sai ga shi hukuma na fama da mutanen da ke ci gaba da tsallakawa ta ƙasa. Mun san irin wannan a garuruwanmu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai tura baro, mace da goyo da kaya a ka, duk an ce su hau matakala su sauka don mota ta wuce ba tare da ta rage gudu ba. Haka tagwayen hanyar da aka yi wa wurin juyawa mai nisa ke haifar da aron hannu, shingen ƙarfe kuma idan mota ta buge shi ko ɓarayi suka kwance shi, ba mai mayarwa. Shi kansa tudun jar ƙasa na mutanen garin nan, da ba shi da fenti ba shi da alama, tarko ne ga ɗan acaɓar da ya taho da dare.

Abin da na gani

Bayan na saurari ɓangarorin biyu, na lura cewa tambaya biyu ce aka cusa a riga ɗaya. Ta farko: wa ya jawo haɗarin? Ta biyu: me ya sa aka mutu a cikinsa? A ta farko masu cewa direba ne sun fi gaskiya, kuma wanda ya yi ganganci ya cancanci hukunci ba sani ba sabo. A ta biyu masu cewa hanya ce suka fi gaskiya, domin gudun da titi ya ba da dama, da abin da mota ta tarar idan ta kauce, da ko an raba yaro da tirela, su ke yanke ko za a tafi wurin makanike ko maƙabarta.

Kowane gida mai rijiya ya san wannan. Ana yi wa yara faɗa kada su yi wasa a bakinta, kuma faɗan na da amfani. Amma babu magidanci mai hankali da zai ce tun da ya yi faɗa ba sai ya ɗaga bakin rijiyar ya sa mata murfi ba. Idan yaro ya faɗa, gaskiya ne bai ji magana ba. Gaskiya ne kuma wani ya bar rijiya a buɗe. Muna cewa kwana ne ya ƙare, kuma mun yi imani da ƙaddara, sai dai imanin bai taɓa hana mu rufe rijiya ba.

Saboda haka idan dole sai an zaɓi inda za a fara, ni na karkata ga hanya, bisa sharaɗi. Dalilina shi ne aikinta na ci gaba ko babu mai tsaro, yana kuma kare wanda bai yi laifin komai ba. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a titunan duniya masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, yawancinsu ba su taɓa riƙe sitiyari ba balle a yi musu wa'azin tuƙi. Holan ta bi wannan hanyar ne bayan shekarar 1971, lokacin da mutum sama da 3,000 suka mutu a titunanta, ciki har da yara fiye da 400, iyaye suka fito da taken a daina kisan yara. Ba a sauya wa 'yan Holan zuciya ba. An ƙuntata titunan unguwa, an ware wa keke hanyarsa, yau mamatan ba sa kai 800 a shekara.

Sharaɗin shi ne kada a ɗauka gyaran hanya na nufin faɗi da santsi da gadar sama da za a yanke wa ƙyalle. Babbar hanya idan ta shigo gari ta daina zama babbar hanya, ta zama titin kasuwa da makaranta da masallaci, kuma dole siffarta ta nuna haka tun daga nesa: ta ƙuntata, a sa shataletale a mashiga, a yi tudun rage gudu na injiniya mai fenti da alama, a yi hanyar ƙafa da tsibiri a tsakiya inda mai tsallakawa zai tsaya ya huta, a ba masu talla da motocin lodi wurinsu a gefe. A tsakanin garuruwa kuwa, inda ake gudu, a raba hannu biyu. Duk wannan ya shiga cikin takardar kwangila tun farko, tare da kuɗin kula da shi. Sannan doka ta biyo baya ta kama wanda siminti ba ya iya kamawa: mashayi, mai lodin wuce kima, mai tayar da ta suɗe. Fasinja ma ya buɗe baki, tun da Kenya ta nuna bakinsa na da tasiri.

Da muka idar da salla muka koma mota, direbanmu ya hau tudun nan a giya ta ɗaya, ƙasan motar na gurzar ƙasa, yana ta mita. A daidai lokacin wata yarinya da farantin gyaɗa a ka ta ratsa ta gabanmu a guje, ko waiwaye ba ta yi ba. Ya taka birki, motar ta tsaya cak, saura taku biyu. Ya leƙa ta taga ya zazzaga mata faɗa, kuma yana da gaskiya, ba ta duba hanya ba. Ba wanda ya ce uffan a cikin motar. Mai shayi dai na tsaye a bakin rumfarsa yana kallonmu, yarinyar kuwa har ta kai wancan hannun tana kiran masu sayen gyaɗa.